Kwaɓin NMC811 yana daskarewa kafin a shafa shi: laifin garin ne ko na iskar ɗaki?

ɗan_kimiyya92:
Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka taɓa aiki da garin katod (ɓangaren batirin litiyam mai alamar +) mai yawan nikel. Ina digiri na biyu a nan gida Najeriya, kuma malamina ya sa mu gwada NMC811, wato garin da ke da nikel kashi 8, manganis 1, kobalt 1, da muka yo oda daga waje. Nakan haɗa garin da baƙin kabon da PVDF (ɗankon da ke riƙe garin) a cikin NMP (ruwan sinadarin da ke narkar da ɗankon), kashi 80 da 10 da 10, yadda muka saba yi da LFP (katod na litiyam da ƙarfe da fosfet) lafiya lau. Amma wannan, kafin in gama juyawa in kai ga shafa shi a kan fallen alminiyam, sai ya yi kauri ya daskare kamar kokon da ya kwana, ya ƙi bin wuƙar shafi. Na ƙara NMP, bai saki ba. Wani abokin aikina ya ce jabun gari aka sayar mana. Ni kuma iskar ɗakin gwajin nake zargi, don damina ake ciki kuma ba mu da akwatin argon mai safar hannu, wanda ake aiki a cikinsa ba tare da iskar waje ta shiga ba. Wanne ne a ciki?

Bazazzagiya_Lab:
Wa alaikumus salam. Kafin a ce komai, a cikin me garin ya zo? Jakar alminiyam da aka zuƙe wa iska aka liƙe, ko robar da ake murɗa murfinta? Kuma tun yaushe aka buɗe?

ɗan_kimiyya92:
Jakar alminiyam ce, Yaya. Amma da ta iso an juye shi a kwalba, yana kan kanta tun kafin saukar ruwan sama, mu da yawa muke ɗiba.

Bazazzagiya_Lab:
To ka sami amsarka, ƙanena. Ba jabu ba ne, hasali ma da jabu ne da wataƙila bai yi maka haka ba. Fuskar garin nan ba ta zama lafiya da iska. Tun daga masana'anta yakan fito da ragowar litiyam a bayan ƙwayoyinsa, da ya haɗu da laima da iskar kabon dayoksaid sai ya zama LiOH da Li2CO3, wato haidiroksaid da kabonet na litiyam. Dangin soda ne, kuma PVDF ba ya jure su: sukan fizge masa haidirojin da fulorin, sarƙoƙinsa su kama juna, kwaɓin ya daskare. Shi ya sa ƙarin NMP bai yi maka amfani ba. Ba ƙarancin ruwa ba ne, ɗankon ne kansa ya canja. Ka ɗebi garin kaɗan ka zuba a tataccen ruwa, ka juya, ka tace, ka auna pH. In ka ga ya doshi 12 kar ka yi mamaki.

Injiniya_Cheongju:
Na goyi bayan Hajiya. Ina aiki a ɓangaren duba inganci a wata masana'antar katod a Koriya ta Kudu, kuma ragowar litiyam na cikin abubuwan farko da ake aunawa kafin kaya su fita. Ana jiƙa garin, a tace, a riƙa ɗiga asid na HCl ana kallon pH, daga nan ake raba nawa ne LiOH nawa ne Li2CO3. Kamfanin batir yana iya mayar da kaya gaba ɗaya a kan wannan lamba kawai.

Abin da nake so ɗalibai su gane shi ne inda matsalar ta samo asali. A cikin 811 yawancin nikel ɗin yana matsayin Ni3+, shi kuma bai son zama a haka, ya fi son komawa Ni2+. Don haka ba a gasa shi a iska ta yau da kullum, sai a tsantsar oksijin, kuma ba a kai shi zafi mai yawa, tsakanin digiri 700 da 800 ne galibi, alhali NMC111, mai nikel da manganis da kobalt daidai wa daida, ana haura 900 da shi. Tunda zafin bai da yawa, ba a amfani da Li2CO3 wanda sai ya kai digiri 723 yake narkewa, sai LiOH mai narkewa a 462. Kuma ana sa litiyam ya ɗan fi ƙima don wani yakan ɓace a wuta. Wannan rarar ita ce take kwana a fuskar garin tana jiran laima. A wurinmu, daga tanderu har cikin buhu ba a bari ya shaƙi iskar waje.

Malam_Sola_Kano:
Ku gafarce ni malamai, ni mai haɗa sola ne ba ɗan lab ba. In dai abin nan haka yake da wuyar sha'ani, me ya sa ake wahala da shi? LFP da muke sa wa mutane ba ya wannan fitina.

Dakta_Kemistiri:
Tambaya ce mai kyau, Malam. Dalili biyu ne. Na farko yawan cajin da yake ɗauka. Giram ɗaya na NMC811 yana ba da wajen mAh 200, NMC111 da LFP kuwa wajen 160. Sannan batirin NMC yana aiki a wajen bolt 3.6 zuwa 3.7, na LFP a 3.2. In ka haɗa biyun, motar lantarki za ta yi tafiya mai nisa da batir mara nauyi. Kai batirinka a ƙasa yake zaune a kusurwar ɗaki, nauyi bai dame ka ba. Mai ƙera mota kuwa kowane kilo lissafi ne.

Na biyu kobalt. Batirin litiyam-iyon na farko da Sony ya fitar kasuwa a 1991 da LiCoO2 (katod na litiyam da kobalt) aka yi shi, wanda John Goodenough da abokan aikinsa suka gano a Oksfod a 1980. Kobalt yana da tsada, kuma fiye da kashi 70 cikin ɗari na abin da ake haƙowa a duniya daga Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango yake fitowa, ga maganar yara da ke shiga ramuka a yankin Kolwezi. Sai aka riƙa rage shi ana ƙara nikel: 111, sai 532, sai 622, sai 811, yanzu har akwai masu haura kashi 90.

AbuAmmar_Maradi:
Dakta, amma an gudu daga Kwango an faɗa Indunisiya ne kawai. Fiye da rabin nikel ɗin duniya yanzu daga can yake. Tun da suka hana fitar da ɗanyen dutsen a farkon 2020 aka cika Morowali da Weda Bay da masana'antu, yawanci da gawayin kwal suke samun wuta, ana sare daji, masunta suna kuka da gurɓatar ruwa. Ban ga inda aka sami tsabtar da ake faɗa ba. Kuma farashinsa ma ba tabbas. A watan Maris na 2022 ya haura dala 100,000 kan tan ɗaya a kasuwar ƙarafa ta Landan har sai da aka dakatar da ciniki.

Dakta_Kemistiri:
Ban musa ba, Malam Abu Ammar. Na faɗi dalilin da ya sa aka bi hanyar ne, ban ce hanyar ba ta da ƙaya ba.

Gyaran_Waya_Farm:
Wai shin wannan ne yake sa batirin waya ya kumbura ya ɗaga sikirin?

Bazazzagiya_Lab:
Yawancin wayoyi har yau LiCoO2 ne a cikinsu, ba mai yawan nikel ba. Amma kumburi dai iska ce ta taru a ciki. A batirin da aka yi da gari irin na ɗan_kimiyya92, Li2CO3 ɗin nan yakan ruɓe lokacin caji ya saki kabon dayoksaid, don haka ko da ya yi dabara ya shafa kwaɓin, matsalar za ta biyo shi cikin batir.

ɗan_kimiyya92:
Na gode ƙwarai. To in na sa garin a obin mai zuƙe iska a digiri 120 ya kwana, zai dawo daidai?

Injiniya_Cheongju:
Zai kori ruwan da ya maƙale a jiki, kuma ya kamata ka riƙa yin haka kullum kafin kwaɓi, har da baƙin kabon da PVDF ɗin. Amma ba zai taɓa kabonet ɗin da ya riga ya samu ba. Sannan ka duba NMP ɗinka, shi ma mai shan laima ne, kwalbar da ake buɗewa kullum a damina ta riga ta sha ruwa.

Hauwa_Ulm:
Bari in ƙara wani abu a kan maganar Injiniya. Ƙungiyar Hubert Gasteiger a Munik ta wallafa wani bincike a 2018 inda suka ajiye NMC811 da NMC111 a iskar ɗaki har shekara guda. Na 111 kusan bai canja ba. Na 811 kuwa ya yi wani siririn ɓawo a fuska wanda galibinsa kabonet ne na nikel haɗe da haidiroksaid da ruwa, kuma batirin da aka yi da shi ya fi saurin rasa ƙarfi. Wato ba ragowar litiyam ta masana'anta kaɗai ba ce, iska tana cin jikin garin kansa. Kuma wannan a iskar Jamus ne. Ka kwatanta da watan Agusta a gida.

Ni dai shawarata, kar ka gina sakamakon digirinka a kan wannan kwalbar. Duk lambar da ka samu, ba za ka iya rabe tsakanin halin 811 da halin garin da ya lalace ba.

Sarkin_Inverter:
Ni ina ganin ya jira hunturu kawai. A Kano ko Sakkwato lokacin hunturu iska takan bushe ƙarau har leɓe ya tsage. Ba sai ya nemi wani akwati mai tsada ba.

Injiniya_Cheongju:
Hunturu ya fi damina nesa ba kusa ba, wannan gaskiya ne, kuma in ba shi da zaɓi gara ya yi aikin a lokacin. Amma bai kai ba, ɗan'uwa. Busasshen ɗakin masana'antar batir ana riƙe shi ne ta yadda raɓa ba za ta sauka ba sai sanyi ya kai digiri 40 ƙasa da sifili, wato laimar iska ba ta kai kashi 1 cikin ɗari ba. Hunturu mafi bushewa ya ninka wannan sau da yawa. Ga ƙura, wadda in ta shiga katod tana iya zama sanadin haɗuwar wuta a cikin batir. Kuma kabon dayoksaid yana nan a iska ko da rani ko da damina.

Maman_Hanif:
Ina karanta ku tun daga sama, ban ga wanda ya yi wa yaron nan maganar lafiyarsa ba. Ni ma'aikaciyar lafiya ce. Ƙurar sinadaran nikel tana cikin abubuwan da hukumar binciken cutar kansa ta duniya ta tabbatar suna jawo cutar in ana shaƙa, kuma tana sa ƙaiƙayin fata. NMP kuma yana ratsa fata, yana da illa ga ɗan tayi, shi ya sa Tarayyar Turai ta taƙaita amfani da shi. Don Allah ɗana, ka auna garin a ƙarƙashin na'urar zuƙe hayaƙi, ka sa takunkumi na gaske ba ƙyalle ba, ka sa safar hannu mai jure NMP. In akwai mai juna biyu a ɗakin gwajin ku, a gaya mata. Kuma ragowar kwaɓin kar a zuba a kwata.

ɗan_kimiyya92:
Allah ya saka da alheri, Mama. Zan isar wa sauran ɗalibai.

Bature_Battery:
Ni na karanta cewa wanke shi ake yi da ruwa a rabu da ragowar litiyam ɗin. Me zai hana ya wanke ya shanya?

Hauwa_Ulm:
Ana yi, amma ba wanki ne na gida ba. Da ruwa ya taɓa shi ba ragowar waje kaɗai yake ɗebewa ba, litiyam na cikin jiki ma yakan fito, haidirojin ya maye gurbinsa. In aka zo busarwa da zafi sai wannan fuskar ta saki oksijin ta koma wani ɓawo mai kama da oksaid na nikel (NiO), wanda litiyam ke shan wahalar ratsawa. pH zai sauka, kwaɓi zai yi kyau, amma batirin zai zama mai taurin kai wajen caji. Na ga ɗalibai sun yi murna da kwaɓinsu, sakamakon gwaji ya fito ya fi na farko muni.

Injiniya_Cheongju:
A nan zan ɗan saɓa wa Dakta Hauwa. Masana'antu da yawa suna wankewa kuma kayansu na cikin motocin da ke kan titi. Sirrin shi ne ruwa kaɗan, mai sanyi, na ɗan gajeren lokaci, a tace da sauri, sannan a lulluɓe fuskar da wani abu irin boron a sake gasawa. In ana kula, wanki ba laifi ba ne.

Hauwa_Ulm:
Ai ka faɗi sharuɗɗan da bakinka, Injiniya. Wanne ne a ciki ɗalibin da ba shi da akwatin argon zai iya cikawa? Ni da wanki gara ya sake gasa garin a tanderun bututu da oksijin na ratsawa, wajen digiri 700. Wani ɓangare na litiyam ɗin yakan koma ciki.

Injiniya_Cheongju:
In yana da tanderun da tukunyar oksijin, kuma wuta ba za ta ɗauke a tsakiyar aiki ba. In ta ɗauke ya huce a iska, ya koma inda ya fito.

Dakta_Kemistiri:
Duk wanda ya bi a cikin biyun, ya yi XRD, wato gwajin duba tsarin garin da hasken X-ray, kafin da bayan. Girman Ni2+ da na Li+ sun yi kusa ƙwarai, 0.69 da 0.76 a ma'aunin angistirom, don haka nikel yakan shiga layin litiyam ya tare hanya. A zanen sakamakon XRD, a duba tsayin ƙololuwar da ake kira 003 a kan ta 104. An saba ɗaukar cewa in rabon ya gaza 1.2, cakuɗuwar ta yi yawa. Sai dai XRD ba ya ganin siririn ɓawon fuska, kar a ga ya yi kyau a ce gari lafiya.

Malam_Sola_Kano:
Bari in dawo da ku ƙasa kaɗan, don abin da kuke faɗa ya shafe mu. Yanzu ana shigo da tsofaffin batiran motocin lantarki da na kwamfutar tafi-da-gidanka, yara suna farke su suna haɗa wa mutane batirin sola. Na shiga wani gida na tarar da irin wannan a ɗakin da ke ƙarƙashin kwano, ba taga, a watan Afrilu, murfin akwatin da zafi har ba ka iya barin hannu a kai, kuma ba na'urar kula da caji ta kirki. Mai gidan bai ma san ba LFP ba ne. Haɗarin nan gaskiya ne ko tsoro ne kawai?

Hauwa_Ulm:
Gaskiya ne, Malam. Duk yadda nikel ya ƙaru, zafin da cajajjen katod yake fara sakin oksijin yana sauka. A gwaje-gwajen ƙungiyar Yang-Kook Sun ta Jami'ar Hanyang, NMC111 sai wajen digiri 300 ya yi tashin zafi, 811 kuwa wajen 230, kuma zafin da ya saki ya fi yawa. Oksijin daga ciki, ga ruwan batir mai kamawa da wuta, shi ya sa gobarar ke da wuyar kashewa. A LFP oksijin ɗin yana ɗaure da fosfaras, ba ya fita da sauƙi. Zafin ɗaki kaɗai ba zai kai 230 ba, amma yana tsufar da batir da sauri, kuma in ƙwayar batir ɗaya ta sami matsala, batirin da ya riga ya ɗumama ba shi da sarari. A mota akwai ruwan sanyaya da kwamfutar da ke lura da kowace ƙwaya. In aka farke aka kai ɗaki, duk an bar wannan a baya.

Sarkin_Inverter:
Kuma a lura da saitin caji. Ƙwayar NMC tana cika a bolt 4.2, ta LFP a 3.65. Na LFP 16 ake jerawa a sami 51.2 a lissafin bolt 3.2 kowacce, na NMC 13 ko 14. In mutum bai san abin da ke cikin akwatinsa ba, da wane lissafi zai saita inbata?

Dakta_Kemistiri:
Wannan 4.2 ɗin ma akwai magana a kansa. A daidai wajen ne katod mai yawan nikel yake wani sauyin tsari da ake kira H2 zuwa H3, inda layukansa suke tsukewa farat ɗaya. Kowace ƙwayar gari dunƙule ce ta ƙananan ƙwayoyi masu yawa, kowacce tana tsukewa ta nata ɓangaren, sai dunƙulen ya tsattsage, ruwan batir ya shiga ya sami sabuwar fuskar da zai ci. Shi ya sa masu motocin NMC ake ba su shawarar tsayawa a kashi 80 a cajin yau da kullum. Kuma shi ya sa ake ta aiki a kan gari mai ƙwaya guda ba dunƙule ba, irin wanda Jeff Dahn na Jami'ar Dalhousie a Kanada ya yi suna da shi, da kuma dabarar Sun ta sa nikel ya yi yawa a tsakiyar ƙwaya, manganis ya yi yawa a baya.

Bature_Battery:
Amma batirin Dahn na 2019 da aka ce zai yi mil miliyan ɗaya ai 532 ne, ba 811 ba.

Dakta_Kemistiri:
Haka ne. Yin ƙwaya guda yana son zafi mai yawa, mai yawan nikel kuma ba ya son zafi, nan wahalar take.

AbuAmmar_Maradi:
To ni abin da ban gane ba, tunda Tesla ma tun 2021 ta ce motocinta marasa dogon zango za su koma LFP, BYD kuma da shi ta yi ƙarfi, me ya sa jami'o'inmu za su kashe ɗan kuɗin binciken da suke da shi a kan garin da ba su da wurin ajiye shi? A ƙasa mai zafi, wadda buƙatarta sola ce da keke mai ƙafa uku, LFP ko batirin sodiyam ya fi dacewa a sa wa ƙarfi.

Bazazzagiya_Lab:
Ban yarda gaba ɗaya ba, Malam. Ana haƙar litiyam a Nasarawa da Kaduna da Kwara, kuma tsofaffin batiran NMC suna shigowa ko muna so ko ba ma so. Wa zai san yadda za a gwada su, a ajiye su, a ciro nikel da kobalt daga cikinsu in ba a koya wa ɗalibai ba? Abin da na yarda da shi shi ne, kar a sayi gari kafin a tanadi wurin ajiyarsa. Ba lallai sai akwatin miliyoyi ba. Da jakar ta iso, a raba garin a ƙananan kwalabe cikin jakar safar hannu ta roba da aka cika da argon ko naitirojin, a liƙe kowacce, a sa su a tukunyar busarwa, a buɗe ɗaya kawai ranar aiki, abin da ya rage kar a mayar.

Injiniya_Cheongju:
Don wannan kwalbar da ke hannu kuwa, in koyon shafi kawai kake so ka yi da ita, ɗan asid na oksalik kaɗan a cikin NMP kafin ka zuba gari yana jinkirta daskarewa. Ka narkar da PVDF daban, ka sa garin katod a ƙarshe, kar kwaɓin ya ɗumama wajen juyawa, ka rufe bakin kwalba, ka shafa nan take. Kar ka gwada komawa kwaɓin ruwa da CMC (ɗanko mai narkewa a ruwa) don gudun PVDF, da wannan pH ɗin fallen alminiyam zai ci ya yi ƙuraje.

Hauwa_Ulm:
Asid ɗin zai ɓoye alamar ne kawai, Injiniya. Ni har yanzu ina kan cewa ya nemi sabon gari, ko ya sauko 622 wanda ya fi haƙuri da iska, ya ajiye wannan ya zama samfurin kwatanci. Hasali ma auna yadda iskar damina ta Najeriya ke lalata 811 mako bayan mako aiki ne mai kyau da zai iya zama babi guda.

Malam_Sola_Kano:
Ni kuma ina roƙon ɗaya daga cikinku ya rubuta mana yadda mai gyara zai gane NMC daga LFP in an goge rubutun jikin ƙwayar. Auna bolt kaɗai ya isa, ko akwai inda zai ruɗe mutum?

Sarkin_Inverter:
Akwai. NMC da ya kusa ƙarewa zai iya nuna 3.3, daidai da LFP mai rabin caji. Sai ka ɗan yi masa caji a hankali da ƙaramin karan kana kallo: in bolt ya tsaya cak wajen 3.3 zuwa 3.4 na dogon lokaci, LFP ne, in yana ta hawa a hankali ya wuce 3.6 ba tsayawa, ba shi ba ne. Ka yi a waje, a kan siminti, nesa da katifa da labule.